Gwajin Bayan Labule

Litinin, 7 ga Yuli, ƙarfe goma na safe

Mace ce! Fadila, matar ɗana, ta sauka lafiya da asuba, mace ce, jikata ta fari! Ko bismillah ban rubuta ba. To ga ta nan: Bismillah. Don sauri, layin ya karkace. Da Malama Rose, wadda ta koya mana boko a ajin yamma, ta ga wannan shafi, da ta ce in sake. Ba zan sake ba. Ita ta ce mu riƙa rubuta abin da ya faru kullum don hannu ya saba. Shekara tara ina rubuta ruwan sama da ɗaukewar wuta, sai yau na samu abin rubutawa.

Ni na yi mata huɗuba. Kunnen nan nata bai fi ganyen zogale ba. Ɗana Mahadi, uban yarinya ke nan yanzu, ya maƙale a bakin ƙofa yana sosa ƙeya kamar ba shi ne mai cika gida da surutu ba. Matata Talatu ta duba ta, ta duba ni, ta ce, "Malam, hancinka ta kwaso, Allah ya ba ta haƙuri." Na ce shekara talatin da biyar kina zaune da hancin nan ban ji kin kai ƙara ba.

Na zagaya unguwarmu Sintali kaf da ƙafa ina faɗa. Har wanda ban sani ba na faɗa masa.

Laraba, 9 ga Yuli, bayan Azahar

Farin idonta ya yi rawaya, fatarta ma haka. Talatu ta ce shawara ce, a riƙa fitar da ita hantsi kamar yadda aka yi wa ubanta. Mahadi ya kawo maganar asibiti. An yi magana a tsakar gida. An bar ta a gida.

Alhamis, 10 ga Yuli, da yamma

Hadari tun safe. Rana ba ta fito ba.

Asabar, 12 ga Yuli, bayan La'asar

Muna asibiti tun jiya. Ta daina kama nono, shi ya sa. An tuɓe ta, an ɗaure mata idanu da ƙyalle, an kwantar da ita ƙarƙashin wata fitila mai shuɗin haske. Sista Alisabatu, mai kula da ɗakin jarirai, ta tambaye mu, "Tun yaushe kuka ga idon ya canza?" Babu wanda ya amsa. Ta sake tambaya. Fadila ta ce Laraba. Sista ta rubuta.

Bencin wajen ɗakin yana da ƙusa a gefen hagu. Na gaji.

Litinin, 14 ga Yuli, da hantsi

An raɗa suna. Saliha. An yanka rago, mai sunan ba ta gida. Lasifikokin da Mahadi ya kwaso daga shago don walima suna nan jingine a zaure, ko waya ba a jona musu ba.

Alhamis, 17 ga Yuli, bayan Magariba

An sallame mu. Rawayan ya wanke, tana kama nono, alhamdu lillahi.

Da za mu fita Sista Alisabatu ta ja ni da Mahadi gefe. Ta ce shawara idan ta yi yawa takan taɓa kunnen jariri. Ba kullum ba. Ta ce akwai awo da ake yi da na'ura, amma mai yin sa ba a garin nan yake zaune ba, ta rubuta mana 28 ga Agusta. Ta ce, "Baba, kada ku tayar da hankali. A wannan shekarun ba za ta juyo ba ko da tana ji. Ku duba ƙifta ido, ko firgita, ko ta tsaya da tsotso." Ta ce shekaru, yarinyar da ke da kwana goma.

Na ƙirga a kalandar zaure. Sati shida cif.

Uwar Fadila ta so a kai 'yarta garinsu Sunkani wankan jego, kamar yadda ake yi a haihuwar fari. An ce a bari, nan ya fi kusa da asibiti. Ita ta zo ta tare a ɗakin Talatu.

Asabar, 19 ga Yuli, da rana

Gidan nan ya zama maƙera. Talatu ta saki murfin tukunya a ƙasa, ta ce ta ga Saliha ta motsa. Uwar Fadila ta tafa a gaban fuskarta, ta ce ta ƙifta. Maƙwabciya ta shigo da ƙararrawar keken ɗanta. Kowa ya gani. Ni ma na ce na gani.

Mahadi ya fita tun kafin a gama koko.

Talata, 22 ga Yuli, bayan La'asar

Na je shago don in huta da ƙarar kwanoni, sai na tarar da wata ƙarar.

Shekara talatin da ɗaya na yi ina sayar da kaset a Kasuwar Jalingo. Da kaset ya mutu, Mahadi ya maida shagon ɗakin ɗaukar sauti, ya lulluɓe bango da soso da kwalin ƙwai. Yawancin aikinsu yanzu shi ne juye tsofaffin kaset zuwa waya: wa'azi, kiɗan biki, waƙoƙin coci, muryar iyayen da suka rasu. Abokin aikinsa Solomon ne, ɗan ƙabilar Mumuye, shi ke riƙe da na'urar sauti a cocinsu ranar Lahadi.

Gardama suke yi. Na sa suka yi mini bayani har sau biyu kafin na kama. Kwamfuta wai yanka sauti take yi ƙanana ƙanana, yanka dubu arba'in da huɗu a daƙiƙa ɗaya, haka suke juye kaset. To Mahadi ya samo wata manhaja da ke cike tsakanin yankan da lissafi, ta ɗaga shi ya koma dubu casa'in da shida, ko dubu ɗari da casa'in da biyu. A taƙaice suna cewa 44, 96, 192. Mahadi ya ce 192 ya fi daɗi nesa ba kusa ba, har yana so a rubuta a allon shago.

Solomon ya ce, "Mudu ɗaya na shinkafa ne. Ka juye shi a babban baho, baho ya yi girma, shinkafa yana nan mudu ɗaya."

Mahadi ya ce, "Kai kunnenka gangunan coci sun kashe shi. Ga Baba nan, a tambaye shi."

A kasuwa Hambali Mai Kunne ake ce mini. A zamanina daga ƙofar shago nakan ce wa mutum kan rediyonsa ya karkace, a buɗe a tarar haka ne. Suka sa wani kaset da na ɗauka da hannuna a wani biki a Sunkani, wani tsoho mai kukuma, Allah ya jiƙansa. Mahadi ya danna 44, na saurara. Ya danna 192. Wallahi na ji ɗakin ya buɗe. Na ji gashin bakan yana gogar tsirkiya, na ji numfashin tsohon. Na ce 192, babu tantama.

Solomon ya yi dariya har da riƙe ciki. "Baba, lamba ka gani. Idonka ne ya ji."

Na ce yaro, tun ba a haife ka ba nake wannan sana'a. Ya ce to a yi gwaji ranar Juma'a, ba wanda zai ga lamba. Na ce a yi.

Na ji daɗin awa biyun nan. Ban tuna da komai ba. Da na dawo gida na ji murfin tukunya tun daga zaure.

Laraba, 23 ga Yuli, da safe

An yi tsawa da asuba, har taga ta girgiza. Na tambayi Fadila ta bayan labule ko yarinya ta farka. Ta ce, "Tana barci, Baba." Daga baya ta ce, "Ta ɗan motsa." Ban sake tambaya ba.

Juma'a, 25 ga Yuli, bayan La'asar

An yi gwajin. Zan rubuta yadda aka yi, don na ga ya kamata a rubuta.

Solomon ya rataya zanen gado tsakanina da kwamfuta. Ya samo tsohon sule a aljihun teburina. Kowane zagaye sai ya jefa shi a kan tawul don kada in ji faɗuwarsa. Idan gefen dawaki ya fito, 44 zai sa. Idan gefen lamba, 192. Ya rubuta a takardarsa, ni kuma in rubuta abin da na ji a tawa. Ba magana, ba tari. Ya daidaita ƙarfin sautin ya zama ɗaya, don ya ce wanda ya fi ƙara kaɗan kunne yakan ce shi ya fi daɗi. Zagaye ashirin.

Ban yi shakka ko sau ɗaya ba. Kowane zagaye na ji sarai. Wannan a buɗe, wannan a matse.

Da aka haɗa takardu, tara na ci.

Solomon ya ce sulen da kansa, da za a ba shi biro, zai ci goma. Mahadi ya ture ni daga kujera ya zauna. Sha ɗaya. Solomon ya zauna Mahadi ya jefa masa, shi ma sha ɗaya. Aka gwada 96 da 192. Takwas, goma, tara.

Sai Solomon ya ce bari ya nuna mini wani abu. Ya sa wani siririn sauti kamar kukan sauro, yana ƙara masa tsini a hankali, ya ce in ɗaga hannu idan ya ɓace. Ya ɓace, na ɗaga. Na duba, su biyun sun yamutsa fuska suna toshe kunne, sautin yana nan yana tafiya, ni ne ba na nan. Solomon ya rage murya ya ce, "Baba, tsufa ne, kowa zai zo wurin." Ya ce bambancin da ake faɗa tsakanin lambobin nan, in ma akwai shi, can sama yake, sama da inda su ma nasu kunnen ya tsaya.

Mai Kunne. Na hau keke napep na dawo, mai keken ya yi ta magana, na yi ta cewa haka ne.

Asabar, 26 ga Yuli

Ban fita ba.

Talata, 29 ga Yuli, bayan Azahar

Mahadi bai yarda ba. Ya ce wayar lasifika ce ba ta da kyau, ya canza. Goma. Ya ce ƙarar janareton maƙwabci ce, ya jira aka kawo wuta. Sha biyu, ya yi ta murna, Solomon ya ce a ƙara ashirin, ya ci bakwai. Yanzu ya ce sai ya aro abin kunne na sauraron sauti mai kyau wurin wani a gidan rediyo.

Kaset ɗin mutane sun taru a kwali ba a juye ba. Wata tsohuwa ta zo sau uku neman muryar mijinta.

Talatu ta ce mini tun da aka dawo daga asibiti bai ɗauki yarinyar ba. Yakan tsaya a ƙofa ya ce, "Ya jikin?" ya wuce. Ta ce kunyar ɗan fari ce. Na ce wataƙila.

Juma'a, 1 ga Agusta, da yamma

Saura kwana ashirin da bakwai. Ƙafata ta kumbura. Na gaji da gaisuwar mutane, kowa sai ya ce, "Ya jikar, an ce tana ji ko?"

Talata, 5 ga Agusta, bayan La'asar

Yau na ɓata wa kowa rai.

Talatu ta goya Saliha tana tankaɗe a tsakar gida. Uwar Fadila ta lallaɓo ta baya da faranti biyu na ƙarfe ta gwara su. Yarinya ta zabura, ta fashe da kuka. Gida ya ɗauki guɗa. "Ta ji! Wallahi ta ji!" Fadila ta fito da gudu ba ɗankwali.

Ina zaune a kan tabarma, na gani da idona. Talatu ce ta fara zabura. Kafaɗarta ta yi sama, bayanta ya girgiza, sannan yarinyar. Wanda aka ɗaure da zane a bayan mutum, in mutumin ya firgita ai dole ya firgita. Haka tafin da ake yi a gaban fuskarta, iska ce ke bugun idonta. Haka murfin tukunya, a kan tabarma ɗaya take kwance da inda yake faɗuwa.

Da na yi shiru da an ci tuwo da daɗi. Amma na tuna yadda na ji numfashin tsohon nan mai kukuma, na rantse da Allah, alhali lamba na gani. Sai na faɗa.

Talatu ta ce, "Malam, kai wane irin mutum ne? So kake a ce ba ta ji?"

Na ce so nake in sani.

Uwar Fadila ta ce, "Alhaji, mu mun haifi tara, ba mu taɓa auna su da kwamfuta ba." Ta shige ɗaki. Fadila ta kwance yarinyar daga bayan Talatu ta koma ciki, ba ta dube ni ba. Na ji kukanta. Wannan kam kunnena ya ji.

Laraba, 6 ga Agusta, da safe

An aiko mini da koko ba ƙosai.

Asabar, 9 ga Agusta, bayan Azahar

Na je shago na tarar da Mahadi shi kaɗai, abin kunnen aro a kansa, ido a rufe, yana jefa wa kansa sule. Na zare filogin. Na ce, "Kana nan kana farautar sautin da ba ɗan'adam ɗin da ke jin sa, 'yarka tana gida ko muryarka ba ta sani ba."

Ya cire abin kunnen a hankali ya ajiye. Ya ce, "Baba, in na yi mata magana, wa nake yi wa?"

Na ce 'yarka.

Ya ce, "Ranar Laraban nan na ce a tafi asibiti."

Bai ƙara ba. Yaron kirki ne, bai ƙara ba. Tun wata guda nake zagaye wannan layin a littafin nan, bari in rubuta shi. Talatu ta kawo maganar hantsi, amma ba ita ke yanke magana a gidan ba. Ni na ce a bari a ga kwana biyu. Ni na ce shi ma haka aka yi masa ga shi ya girma.

Na faɗa masa haka a shagon, da bakina. Ya sunkuyar da kai yana juya sulen a tafin hannu. Wani mai rake ya leƙo ya ga fuskokinmu ya koma.

Daga baya na ce masa, wannan zanen gadon da sulen, ba za su yi wa Saliha aiki ba? Ya ɗago. Ya ce, "In ba ta motsa ba fa?" Na ce to mun sani, mu fara koyon yadda za mu yi da ita tun yanzu. Ya ce shi ba zai iya ba. Na ce ba kai za ka yanke ba, ni ma na daina yankewa. A tambayi uwarta.

Lahadi, 10 ga Agusta, da yamma

Na yi sallama a ƙofar Fadila, na tsaya daga waje na yi mata bayani. Ta ce, "Baba, kullum ina kallon fuskarta har idona ya yi ciwo. Ban san abin da nake gani ba kuma. A yi. Amma a bari in yi arba'in."

Laraba, 13 ga Agusta, da hantsi

Ruwa kwana uku a jere. Katangar bayan gida ta tsage. Ba ni da ƙarfin kiran magini.

Juma'a, 15 ga Agusta, bayan La'asar

Mun tsara da Solomon. Ya kira Sista Alisabatu a waya don kada mu yi ɓarna. Ta ce kada sautin ya wuce ƙarfin maganar mutum mai ɗaga murya, a bar tazara mai tsawo, a riƙa canza sautin don jariri yakan saba ya daina kulawa. Ta ce ko me ya fito, ranar 28 tana nan daram.

Saura mai kallo. Dole ya zama wanda bai san ko an sa sauti ko ba a sa ba, in ba haka ba zai ga abin da yake so. Fadila ba za ta yi ba, ko an toshe mata kunne jikinta zai ji. Mahadi ya ce shi a waje zai tsaya. Solomon ya dube ni yana murmushi. "Baba ne ya dace. Rabin toshewa Allah ya riga ya yi, mu ƙarasa kawai."

Na ɗaga sanda, ya kauce. Rabona da dariya har na manta.

Asabar, 16 ga Agusta

Arba'in. An yi ƙunshi, an yi kitso. Ta yi ƙiba, wuyanta har ninki biyu. Ban iya kallonta da yawa.

Litinin, 18 ga Agusta, bayan Azahar

Tana ji! Saliha tana ji!

Bari in bi a hankali, Malama Rose takan ce a fara daga farko.

Ƙarfe tara muka kai ta shago, ta ƙoshi, ido biyu. Aka shimfiɗa katifa mai kauri a kan tebur aka kwantar da ita, ba mai taɓa ta. Lasifika a rataye a bango can baya, ba ya haɗuwa da teburin. Solomon a bayan zanen gado da sulensa. Fadila da Talatu da uwar Fadila a waje kan benci, an rufe ƙofa. Mahadi ya tafi har rumfar masu tumatir.

Ni an cusa mini auduga, an ɗora abin kunnen aron nan a kai, ana kwarara mini ƙarar ruwan sama a ciki. Ko bindiga aka harba ba zan sani ba. Jar fitilar da ke saman ƙofa ita ce alama, tana bayan kan yarinyar, ni kaɗai ke ganin ta. Idan ta kama, zagaye ya fara. Gefen dawaki a sa sauti, gefen lamba a yi shiru. Aikina in kalli fuskarta in rubuta e ko a'a.

Fitila ta kama. Tana wasa da harshe, ba abin da ya canza. Na so in rubuta e. Biro har ya taɓa takarda. Na rubuta a'a.

Na biyu, a'a kuma. Na ce shi ke nan, Hambali, ga abin da ka jawo.

Na uku, tana tsotsar hannu sai ta tsaya cak. Idanun suka buɗe, girar ta tattaru kamar ta mai shari'a. E.

Daga nan ban ƙara tunani ba, na zama ido kawai. Wani zagayen ta ƙifta sau biyu. Wani ta watsa hannuwa. Wani ba komai, sai hamma. Tsakanin zagaye Solomon yakan jira har in ƙosa. A na goma sha huɗu barci ya kwashe ta, aka tsaya.

Na cire abin kunnen, ƙasan rigata ya jiƙe sharkaf da gumi. Aka buɗe ƙofa, mata suka shigo, aka aika aka kira Mahadi. Solomon ya ajiye takardarsa kusa da tawa, ya ce Fadila ta karanta. Ta bi da yatsa.

Na ɗaya, shiru aka yi. Na rubuta a'a. Na biyu, shiru. A'a. Na uku, kukuma. E.

Sau takwas aka sa sauti, sau shida aka yi shiru. Cikin goma sha huɗu, goma sha uku sun dace. Guda ɗayan da ya kuɓuce, na goma sha uku ne, lokacin idonta ya fara lumshewa.

Mahadi ya ce, da wata murya da ban san shi da ita ba, "Solo, ba sa'a ba ce? Kamar sha biyun da na ci?" Solomon ya ce, "Sha biyu cikin ashirin sule yana yi kullum. Sha uku cikin sha huɗu, ka jefa daga nan har Kirsimeti ka gani. Yarinya yana ji, mutumina. Ko kunne biyu ne ko ɗaya, wannan na likita ne. Amma yana ji."

Talatu ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da gyale. Uwar Fadila ta ce ai ita tun farko ta faɗa. Na ce haka ne, Hajiya, kin faɗa.

Mahadi ya je bakin teburin ya tsaya. Ya goge hannuwansa a wando. Ya ɗauke ta, bai ma iya ɗauka ba, sai da Fadila ta gyara masa kan. Ya ce, "Ke. Ke Saliha. Ni ne." Ta farka ta tsandara ihu, duk layin masu waya sai da suka leƙo.

Ranar 28 za mu je, da ni za a je, ko ƙafar nan ta kai turmi. Amma yau ba na jin gajiya ko kaɗan.

Na hana a kwance komai a shago. Zanen yana rataye, takardun biyu na manna su a bango gefe da gefe. Na aika Sunkani, na aika wa 'yan ajinmu na yamma, na faɗa wa liman, Solomon zai faɗa a cocinsu. Jama'ar Sintali, 'yan kasuwa, duk wanda ya tare ni a hanya ya ce an ce tana ji ko, ku zo gobe da hantsi kafin ta yi barci. Akwai auduga, akwai kujera, wanda bai yarda da idona ba ya zauna ya kalla da nasa. Ku zo ku gani!